Kwat ɗin fara aiki: sabuwa, ta gwanjo, ko a kai wa tela?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, Allah ya yi, na samu aiki a wani banki a nan Kano, farkon wata zan fara. A takardar da suka ba mu an rubuta Litinin zuwa Alhamis kwat da taye, Juma'a kayan gida. Abin da ke hannuna naira dubu 250 ne, a ciki zan fitar da kwat da riguna da takalmi. Abokina ya ce in shiga Sabon Gari in ɗauki sababbi guda biyu 'yan China in huta, yayana kuma ya ce in sayi yadi in kai ɗinki. Kuɗin nan rance ne kawuna ya ba ni, ba na so in zubar da su. Masu sani don Allah a taimaka da shawara.

Maman Hanif:
Ma sha Allah! Allah ya sanya alheri, ya sa ka shiga a sa'a, ya kare ka daga sharrin aikin.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ina taya ka murna, ɗana. Ni a banki na yi aiki har na ajiye, don haka ka saurare ni. Kada ka sayi biyu. Ka sayi ɗaya mai kyau, amma da wando biyu iri ɗaya. Ita rigar saman, da ka shiga ofis za ka cire ka rataye a bayan kujera, sai in za ka ga manaja ko babban kwastoma za ka mayar. Wando ne ke shan wahala: shi ke zama a kujera wuni guda, shi ke gogar kujerar adaidaita sahu, shi ke durƙusawa wajen alwala. Kafin rigar ta nuna alamar gajiya wandon ya fara ƙyalli a mazaunai da gwiwa. In biyu ne kana sauya su, sai su tsufa tare da rigar.

Launi kuma shuɗi mai duhu, wanda ake ce wa nebi, ko ruwan toka mai duhu. Waɗannan ko kullum ka sa, in ka canja riga da taye ba mai lura. Ka guji mai ƙyalli da mai manyan zane.

Sadauki:
Baba, da girmamawa, amma yaro sabon ma'aikaci ya yi ta maimaita kwat ɗaya kwana huɗu a jere? Abokan aiki za su gane. Ni ina ganin shawarar abokinsa ta fi, biyu sababbi fil, in ya ɗauki albashi ya ƙara.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:
Su gane ɗin, ba laifi ba ne. Abin da ido ke saurin kamawa shi ne kafaɗar da ta zarce jiki da gaban riga da ya kumbura, ba maimaici ba.

Ɗan Kwari:
Bari in shigo ta ɓangaren yadi, tunda shi ne abincina. Yawancin sababbin kwat masu sauƙin kuɗi da ake zubawa a shaguna, yadinsu foliyesta ne zalla ko kuma wanda muke kira T/R, wato an haɗa foliyesta da reyon, wani zare da ake sarrafawa daga itace. Foliyesta daga man fetur ake yin sa, ɗan'uwan leda ne, iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Ka tsaya bakin titi jiran abin hawa cikin irin wannan kwat, kafin ka isa ofis bayan rigarka ya jiƙe sharkaf, kuma warin zufa yana kama irin wannan yadin ya ƙi fita.

Mutane suna jin an ce ulu sai su tuna rigar sanyi. Ulun kwat na ƙasashen zafi daban ne, siririn zare ne da saƙa mai ƙofofi, nauyinsa kamar giram 230 zuwa 260 a kowace mita. Yana shan gumi ya sake shi, in ya yamutse ka rataye shi da dare, da safe ya miƙe da kansa.

Ga yadda za ka gwada. Ka damƙe yadin a tafin hannu da ƙarfi, ka ɗan jima, ka saki. Ulu zai warware nan take. Sannan ka ɗaga shi wajen haske, in kana hango ɗan haske ta tsakanin zaren, iska za ta wuce. Na ƙarshe, ka roƙi mai shago ya zare maka zare biyu daga baki, ka fita waje ka kyasta ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙar toka da za ta murmushe a yatsa. Foliyesta narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Duk mai shagon da ya hana ka zare biyu, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

Barista Zariya:
Ɗan Kwari, to wannan rubutun da ake yi a gefen yadi fa, Super 150, Super 180, Made in Italy? Ni da shi nake zaɓa a da.

Ɗan Kwari:
Barista, rubutun gefen yadi kowace masaƙa tana iya saƙa shi, ko a ina take. Ainihin ma'anar lambar Super ita ce kaurin gashin tunkiyar da aka yi ulun da shi, ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Super 100 gashinsa bai wuce maikiron 18.75 ba, Super 120 kuma 17.75, Super 150 ya sauko 16.25. Lamba na hawa, zare na ƙara siranta da laushi, tsada na ƙaruwa, amma ƙarko yana raguwa. Mai zuwa aiki kullum 100 zuwa 120 ne daidai da shi. Masaƙun da suka yi suna a wannan harka suna yankin Biella a arewacin Italiya da garin Huddersfield a Ingila, kuma kuɗin mita ɗaya na Super 180 na gaskiya daga can ya isa ya cinye rabin abin da ke hannun ƙanenmu ko fiye. To in ka ga an rubuta 180 ana sayar da shi kuɗin yadin kaftani, ka san inda aka dosa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba ta yi wa kasuwata daɗi ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, ulu zalla ya yi wuya a hannunmu. Abin da za ka fi samu shi ne gauraye, rabi ulu rabi foliyesta. In rabin na gaskiya ne ba laifi, yana da ƙarko, zafinsa da sauƙi.

Mai Dila, Ƙofar Wambai:
To ai ga inda nake jira a zo. Ulu zalla da Alhaji ya ce ya yi wuya, ni kullum a hannuna yake kwana. Kwat ɗin da Bature ya saya da tsada a Landan ko Milan, ya sa ta 'yan lokuta ya yi ƙiba ko ya bar aiki, ita ce ke zuwa cikin dila. Da kuɗin sabuwa ɗaya ta roba za ka ɗauki ta ulu lamba ɗaya, ka biya tela ya gyara, canji ya rage. Sharaɗin kawai ka san ranar da ake fasa dila ka yi sammako, domin masu manyan shaguna ma wurinmu suke zuwa su tsince masu kyau, su wanke su goge su rataye a gilashi.

Sadauki:
Haba Malam. Mutum ya yi digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya samu aikin banki, ranar farko ya shiga da kayan da wani ya cire ya yar? Ba ka san mai ita ba, ba ka san ciwon da ya yi ba, wataƙila ma kayan mamaci ne. Kuma a dokar kwastan gwanjo yana cikin kayan da aka hana shigowa da su, ta Kwatano da Lome ake zagayowa da shi. Ni dai ba zan ba ƙanena wannan shawara ba. Araha ba ta ado.

Mai Dila, Ƙofar Wambai:
Yallaɓai, karin maganar nan a kan taka shawarar ta faɗa, ba tawa ba. Wadda ke narkewa a ƙarƙashin dutsen guga ita ce arahar. Batun mamaci kuwa, a gidajenmu in uba ya rasu ba a raba rigunansa ga 'ya'ya da 'yan'uwa? Wa ya taɓa cewa abin kunya ne? Wanki ne maganin komai.

Barista Zariya:
Sadauki, ka bar batun kunya. Lokacin da muke makarantar lauyoyi a Bagauda, doka ce baƙar kwat da farar riga da baƙin taye da baƙin takalmi, kullum, ba ɗaga ƙafa. Da yawa daga cikinmu a Kasuwar Barci ta Kaduna ko Ƙofar Wambai muka yi siyayya, 'yan Jos kuma Katako. Waɗanda suka zo da sababbi masu ƙyalli, kafin a tafi zaman koyon aiki a kotu baƙin ya fara komawa ja-ja a kafaɗa saboda rana. Tawa ta gwanjo da ita aka rantsar da ni, da ita na fara tsayawa gaban alƙali. Ba wanda ya taɓa ɗaga min kwala ya duba daga ina ta fito.

Sai dai ka lura, Ɗan Gwammaja, mu baƙa dole ce a kanmu. Kai da ba a tilasta maka ba ka bi maganar Baba, domin baƙi ya fi kowane launi nuna ƙurar hunturu.

Abu Ammar:
Ni abin da ke damuna daban ne. Shekara sittin da wani abu da samun 'yanci, a ƙasar da rana ke dafa ƙwai, har yanzu sai an shaƙe wuya da taye kafin a ce mutum ma'aikaci ne? Kaftani mai kyau da hula zanna ko damanga me ya rasa? Gwamnoni da ministoci da kayan gida suke shiga ofis. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun mutu, telolinmu na neman aiki, mu kuma muna kwasar kuɗi muna kai wa China da Turkiyya.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:
Malam Abu Ammar, a zuciya ina tare da kai. Na ga Kakuri lokacin da in an tashi daga aiki a masaƙun KTL da UNTL kekuna ke cika titi, na kuma ga yadda ta koma kufai, abin yana min ciwo har gobe. Amma gyara biyu. Masaƙun nan auduga suke sarrafawa, atamfa da akoko da makamantansu, ko suna raye ba su za su saƙa ulun kwat ba. Na biyu, shaddar da muke alfahari da ita, Getzner, daga Ostiriya take zuwa, yadin kaftanin ma yawanci na waje ne. Abin da ke namu a ciki shi ne hannun tela da mai aikin wuya.

Sannan yaron nan ba shi ya kafa dokar ba. Takarda aka ba shi. In ya zama manajan darakta wata rana ya sauya, mu yi masa addu'a.

Abu Ammar:
Na karɓi gyara a kan masaƙu, Baba. Amma ina nan a kan bakata, ya kamata a riƙa faɗa har a ji. Allah ya kai shi matsayin.

Baba Tela, Fagge:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan zance, na ce bari in sa baki, tunda tun ina saurayi nake yanka kwat.

Duk kun yi maganar yadi, ba wanda ya taɓo abin da ke cikin riga. Gaban kwat hawa uku ne: yadin waje, shafi na ciki, da abin da ke tsakani wanda ke ba ƙirji tsayuwa. A ɗinkin asali wannan na tsakiyar wani kakkauran yadi ne da ake saƙawa da gashin doki ko na raƙumi, muna ce masa kanbas. Da allura ake kafa shi, ɗinki ƙanana-ƙanana jere, ba a manna shi. Shi ya sa yake motsi tare da jiki, in an daɗe ana sawa ya ɗauki siffar ƙirjin mai ita. Na kamfani mai sauri kuwa gam ne, a shimfiɗa a danna da zafi ya manne da yadin. Ran da zafin guga ko ruwa ya saki gam ɗin, sai ka ga gaban riga ya yi ƙuraje-ƙuraje, kuma wannan ba telan da zai iya gyara shi.

Yadda za ka gane: ka je ƙasan maɓallin ƙarshe, ka kama yadin waje da yatsu biyu, ka kama shafi ta ciki da ɗaya hannun, ka ja su a hankali su rabu. In ka ji wani abu na uku yana yawo a tsakani, kanbas ne. In ba komai, kuma yadin wajen ya yi kauri fiye da na hannun riga, gam ne. Ba na cewa duk mai gam banza ce, akwai gam mai kyau da ke shekaru. Amma in ka dace da mai kanbas a dila, ɗana, ka riƙe ta da hannu biyu.

Yanzu abin da ya fi komai: kafaɗa. Ka sa rigar, ka jingina gefenka da bango a hankali. In kafaɗar riga ta riga damtsenka taɓa bango har ta lanƙwashe, ta yi maka yawa, ka ajiye ta komai kyanta. Kafaɗa ita ce ginshiƙin kwat, in za a rage ta sai an kwance hannu da kwala gaba ɗaya, kuɗin aikin ya kusa na sabon ɗinki, kuma da wuya ta koma daidai. Ciki ina iya matse shi. Hannu ina iya rage shi. Ƙugun wando ina iya ƙara ko rage inci ɗaya zuwa biyu. Tsawon riga kuma kada ka yarda a taɓa shi da yawa, domin aljihu zai dawo kusa da baki, kowa ya gani ya san an yanke.

Sauran ma'auni: ka saka maɓalli, tafin hannunka ya shiga tsakanin ƙirji da riga ba tare da ta ja ba. In yadi ya yi tattara ta ko'ina daga maɓallin, ta matse. Kwalar ta kwanta a bayan wuyanka, kada ta bar rami. Tsawonta ya rufe mazaunai. Hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, farar riga ta leƙo kamar rabin inci. Maɓallin ƙasa kuma ba a saka shi, haka ake yanka ta.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya ƙara girma, Baba, wallahi na ƙaru. To in na ce ɗinki zan kai, yadi nawa zan saya? Akwai telan da ke min kaftani tun ina sakandare, hannunsa yana da kyau sosai.

Baba Tela, Fagge:
Yadi huɗu na mai faɗin inci 60 ya ishe ka riga da wando, ka ƙara ɗaya da rabi na wando na biyu. Shafi kuma ka nemi na biskos, wato reyon, kada a sa maka na leda, domin ko yadin waje ulu ne in shafin roba ne zafin yana nan.

Amma batun telanka, kada ka ɗora masa abin da ba fanninsa ba. Kaftani a miƙe yake sauka daga kafaɗa, yana yafe kuskure. Kwat kuwa sai an bi lanƙwasar baya da ƙirji da hammata, ɗora hannu kaɗai ilimi ne mai zaman kansa. Da yawa za su ce maka sun iya don kada aiki ya wuce su. Ka ce a nuna maka wadda aka gama, ka juya cikinta, ka duba bayan kwala da inda hannu ya haɗu da kafaɗa. Ka tambaya sau nawa za ka zo gwaji. Wanda ya ce awo ɗaya ya isa, ka dawo ka karɓa, ba telan kwat ba ne. Ni sai an zo min sau biyu kafin in rufe shafi. Kuma sati uku ya rage maka, ɗinkin kirki yana son lokaci, ga wuta ba tabbas. Da a ce wata biyu ne gabanka da na ce ɗinki. A yanzu gyaran ta gwanjo ya fi maka, kwana uku an gama.

Sadauki:
To Baba, ta gwanjo ai ba ta zuwa da wando biyu. Shawarar Baban Kaduna ta rushe kenan.

Mai Dila, Ƙofar Wambai:
Wannan gaskiya ne, ba na musu. Wani lokaci ma riga ce kaɗai ba wando, a nan ne ake cutar mutane, a haɗa maka da wandon wata mai kama da ita. A cikin rumfa za ka ga iri ɗaya ne, sai ka fita rana ka ga bambanci. Kullum ka fito da su waje ka haɗa hannun riga da ƙafar wando ka duba. Sannan ka ɗaga wa rana ka nemi hudar asu, ka duba hammata da bakin aljihu da tsakanin cinyoyi, ka shinshina. Mai ƙyalli a gwiwar hannu ta gama aiki.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna:
Ba ta rushe ba. In rigar nebi ce, ya ɗinka wando ruwan toka a wajen Baba. Nebi a sama, toka a ƙasa, shiga ce da aka sani a ko'ina, ba mai cewa ya yi kuskure. Abin da ba a so shi ne launi biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba. Sai dai ya fara duba yadda ofishinsu yake, wasu wuraren suna so sama da ƙasa su zama ɗaya.

Ɗalibi a Istanbul:
Gudummawata ƙarama ce, kan lamba. Kayan Turkiyya da ake sarowa daga unguwannin Laleli da Osmanbey da Merter a nan Istanbul, da na Italiya, lambar Turai suke bi, na Ingila da Amurka kuma inci. Ka cire goma kawai: 50 na Turai shi ne 40, 52 shi ne 42. Harafin da ke gaba tsawo ne, S gajere, R matsakaici, L dogo. Yawanci ƙugun wando yana ƙasa da ƙirji da inci shida, wato riga 40 wando 34. Mu da yawanci dogaye ne sirara, L ya fi zauna mana.

Kuma don an ce 'yar Turkiyya ce ba shi ke nan ba. A titi ɗaya za ka ga shagon ulu na gaske, kusa da shi na foliyesta, duk a ƙasar aka ɗinka. A duba ƙaramar takardar da ke cikin aljihun ciki, a nan ake rubuta kashi nawa ne ulu, da Turkanci yün, da Italiyanci lana.

Maman Hanif:
Ku maza kun iya saye, riƙo ne ba ku iya ba, don haka ƙanena ka ji wannan daga wajen yayarka. Kwat ba ta shiga bokiti. Kada ka haɗa ta da kayan da za ka ba mai wanki da guga na unguwa, zai jiƙa ta da omo ya murɗe ya buga da dutsen gawayi, shi kenan ta tashi aiki. Haka aka yi wa ta maigidana, ta dawo kwalar ta murguɗe, gaban duk ya kumbura, har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ta gwanjo ka kai wa masu wankin zamani da ba a jiƙa kaya da ruwa, wato dry cleaning, sau ɗaya kafin ka fara sawa. Bayan nan ba a yawan kai ta, maganin da suke amfani da shi yana cinye yadi. Kullum ka dawo, ka zazzage aljihu, ka kakkaɓe ta da burushi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ka rataye a hanga mai faɗin kafaɗa ta katako, ba ta waya ba, ba kuma a ƙusa ba. Ka bar ta ta sha iska a inuwa kafin ta shiga kwaba. In za a goge, a shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai, dutse kada ya taɓa yadin kai tsaye, shi ke jawo ƙyalli. Da damina a sa kafur saboda asu da fumfuna. Turare kuma a jiki ake fesawa, mai maiƙo yana barin tabo a kwala.

Riguna ka nemi na auduga, aƙalla huɗu, fari biyu, ruwan sararin sama biyu. In ka saka maɓallin wuya yatsu biyu su shiga. Kuma kada ka bar singileti, ita ke tare zufa kafin ta kai ga shafi.

Barista Zariya:
Anti ta gama magana. In ƙara da takalmi: baƙi sau-ciki mai igiya, na fata, da bel baƙi. Ka danna fatar da yatsa, ta gaske tana yin ƙananan tattara ta koma, ta roba kuwa santsi ne kawai, in ta fara ɓarewa ba gyara. Masu yin takalmi a Kano suna da fata mai kyau, na Aba ma akwai masu inganci in ka iya zaɓe. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka ajiye silifas a ƙarƙashin tebur don alwala, jiƙaƙƙiyar ƙafa ita ke kashe takalmi.

Sadauki:
Na ji hujjojinku, kuma batun gam da kanbas ban san shi ba sai yau. Amma ni har yanzu raina bai kwanta da kayan wani ba. Ɗan Gwammaja, in ka bi tasu, to don Allah albashin farko ko na biyu ka sayi yadi ka kai wa Baba ya yanka maka taka ta kanka.

Ɗan Gwammaja:
In sha Allahu haka zan yi, Yaya Sadauki. Ga abin da na tsayar: nebi ɗaya daga Ƙofar Wambai riga da wando, wando ruwan toka a ɗinka, riguna huɗu, taye biyu marasa hayaniya, takalmi da bel. Abin da ya rage in riƙe na mota kafin albashi. Malam Mai Dila, wace rana zan zo? Baba, in na samu zan kawo maka gyara in ka amince. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Mai Dila, Ƙofar Wambai:
Ka yi min magana ta gefe in gaya maka ranar da za mu fasa. Ka sa a auna maka ƙirji da faɗin kafaɗa ka rubuta a takarda, ka taho da tef ɗinka, domin lambar da ke jikin ta gwanjo ba kullum take gaskiya ba, wani mai ita ya riga ya kai an rage.

Baba Tela, Fagge:
Ka kawo, ɗana. Amma kada ka biya kuɗi sai ka turo wa jikana hotonka sanye da ita, ta gaba da ta baya da ta gefe, hannuwa a sake, in duba kafaɗar tukuna. Ka leƙa cikin wandon ka ga ko an bar rarar yadi a ɗinkin baya da ƙafa, in an riga an cinye ba abin da zan saki. Ranar da za ka zo gwaji ka sa farar rigar da takalmin da za ka riƙa zuwa aiki da su, da su zan auna tsawon hannu da na wando. Ka zo da safe kafin a ɗauke wuta.